Ajin Hababam: Wa Aka Bai Wa Laƙabi, Wa Aka Bari Da Ƙararrawa?



Da yawanmu in aka ce fim ɗin Turkiyya, abin da ke faɗo mana a rai shi ne Ertugrul, dawaki da takubba da tantuna. Amma akwai wani fim da Turkawa suka haddace kamar karatun allo, kuma babu takobi ko ɗaya a cikinsa. Sunansa Hababam Sinifi, wato Ajin Hababam, fim ɗin barkwanci na makarantar kwana da ya fito a 1975, wanda har yau gidajen talabijin na ƙasar ba su gaji da maimaita shi ba. Kalmar hababam ba ta da fassara kai tsaye, ku ɗauke ta kawai a matsayin ajin gagararru, waɗanda suka shekara suna maimaita aji har gemu ya fito musu.

Na kawo shi nan ne saboda tambayar da ake yawan yi a kansa yanzu: ina mata a cikin wannan aji, kuma ina sauran jinsunan mutanen Turkiyya? Masu tambayar sukan ƙirga kawuna, su ce maza kaza, mata kaza. Masu kare fim ɗin su ce ai makarantar kwana ce ta maza, me kuke so a yi? Ni a ganina duka ɓangarorin biyu sun tsaya a bakin ƙofa. Abin dubawa a labarin barkwanci shi ne wa aka yarje wa ya yi wauta, ya yi laifi, a yi masa dariya, sannan a ci gaba da ƙaunarsa. Wanda ya samu wannan izini shi ne ɗan gida. Saura baƙi ne, ko da sun cika allo.

Bari mu fara da asalin labarin. Rifat Ilgaz, malamin makaranta kuma mawaƙi, shi ya rubuta shi. Ya fara fitar da shi kashi-kashi a mujallar barkwanci mai suna Dolmush da sunan aro Stepne, wato safayar taya, ya zama littafi a 1957. Sunan aron ba ado ba ne. Tun a 1944 an hana littafin waƙoƙinsa mai suna Sinif, an kuma ɗaure shi wata shida, don haka sunansa na gaskiya ya zama abin da ake taka-tsantsan da shi. A littafinsa makarantar ta gwamnati ce, yaran kuma 'ya'yan talakawa ne da aka kwaso daga garuruwa, kuma tsarin karatun haddar da ba ta da amfani shi marubucin yake caccaka. Da Ertem Egilmez na kamfanin Arzu Film ya mayar da shi fim, sai makarantar ta koma ta kuɗi, mai suna Camlija, yaran suka koma 'ya'yan masu hali da iyaye suka jibge don su huta da fitinarsu. Ilgaz bai ɓoye rashin jin daɗinsa da wannan sauyi ba. To kun ga tun kafin a zo maganar mata, an riga an sallami talaka daga ajin da aka gina dominsa, kuma a kan takarda aka yi wannan aika-aika, kafin a kunna kyamara.

Yanzu ku duba sunayen 'yan ajin. Akwai Inek Shaban, wato Shaban Saniya, wanda Kemal Sunal ya fito a matsayinsa, ana yi masa kukan shanu yana hasala. Akwai Guduk Nejmi, Nejmi Guntu, na Halit Akcatepe, wanda a lokacin yana da shekara 37 a duniya amma yana sanye da kayan ɗalibi. Akwai Damat Ferit, Ferit Ango, na Tarik Akan. Akwai Tulum Hayri, wanda saboda ƙibarsa aka kwatanta shi da salka, da Hayta Ismail gantalalle, da Domdom Ali. Hatta mataimakin shugaban makaranta da suke tsoro kamar mutuwa, wanda Munir Ozkul ya taka, bai tsira ba: Kel Mahmut suke ce masa, Mahmud Mai Sanƙo. Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san darajar laƙabi. Ranar da aka raɗa maka shi, komai muninsa, ranar ka zama ɗan gari. Laƙabi yana nufin an lura da kai, an san aibinka, an kuma karɓe ka da shi.

Su kuwa matan fa? Hafize Ana, wato Inna Hafize. Semra Hoja, wato Malama Semra. Da aikinsu ake kiransu, ɗaya uwa, ɗaya malama.

A kan Hafize Ana nake so in daɗe, domin ita ce ta fi wuyar sha'ani. Adile Nashit ce ta fito a matsayinta, 'yar gajeriyar mace mai dariyar da ke girgiza duk jikinta. Ita ce mai share-share da kawo shayi, ita ce ke gangarowa daga bene a guje tana kaɗa ƙararrawar hannu, yara na rugowa a bayanta. Tana rufa wa gagararrun asiri, tana tsegunta musu in Mai Sanƙo na tafe, tana ma taya su satar amsa. A fim na farko, da Ferit ya shigo da jaririyarsa makaranta a ɓoye, saboda ya yi aure ba da sanin hukuma ba, a hannun Hafize Ana rainon ya ƙare. Babu mai kallon da ba ya sonta, ni ma ina sonta. Amma ku zauna ku tambayi kanku: me Hafize Ana take so wa kanta? Ina take kwana in an kashe fitila? Nawa ake biyanta a makarantar da mai ita ba ya tunanin komai sai kuɗi? Ta taɓa yin fushin da ba na uwa ba? Duk motsinta amsa ce ga buƙatar yaran. In suka yi dariya ta yi, in suka shiga uku ta yi kuka. An ba ta zuciya mai faɗi, aka hana ta ɗaki nata na kanta.

Abin da ya sa ba a ganin wannan giɓi shi ne ƙarfin 'yar wasan. Adile Nashit 'yar gidan wasa ce gaba da baya, mahaifinta Nashit shahararren mai barkwanci ne a dandalin Istanbul, kuma a 1976 ta ci kyautar gwarzuwar 'yar wasa a bikin fina-finai na Antalya da wani fim daban. Ɗanta tilo, Ahmet, ya rasu a 1966 yana matashi, sai ga ta bayan shekara tara tana wasan uwar yara maza cike da aji. Abin da takarda ba ta ba ta ba, ita ta zuba shi daga rayuwarta. Wannan gargaɗi ne gare mu masu rubuta littafi, domin mu ba mu da Adile Nashit da za ta zo ta cike mana ramin da muka bari. In ka rubuta Inna ko Gwaggo ko Baba Mai Abinci da ba ta da wani aiki sai share hawayen jarumi, a haka za ta tsaya a shafi, fayau.

Malama Semra kuma, wadda Semra Ozdamar ta taka a fim na biyu, mai suna Ajin Hababam Ya Maimaita Aji, matsalarta daban ce. Sabuwar malamar adabi ce, matashiya, ta shigo ajin da wasu ɗalibansa suka kusa girme ta. Suka sa ta a gaba da tsokana, har ta kai ga maimakon amsar jarrabawa suka rubuta mata wasiƙun soyayya. Ku cire kiɗan ban dariya ku kalli abin tsirararsa: ƙartai cike da aji sun haɗa kai su wulaƙanta mace a wurin neman abincinta. Fim ɗin bai ce sun kyauta ba, ya nuna ɓacin ranta, ya kuma nuna ta tsaya da ƙafarta. Sai dai daga nan labarin ya karkata. Wurin da kowa ke tunawa a fim ɗin shi ne inda Mahmud Mai Sanƙo ya tara iyayen yaran ya wanke su tas kan yadda suka yasar da 'ya'yansu. Jawabi ne mai taɓa zuciya, ba na musu. Amma lura da abin da ya faru: raunin malamar ya zama gadar da aka taka aka haye zuwa raunin yaran. Ita aka cuta, su aka tausaya wa.

Kuma kada a ce zamanin ne bai san mace malama a matsayin jaruma ba. Tun a 1922 Reshat Nuri Guntekin ya fitar da Calikushu, labarin Feride, budurwar Istanbul da ta tafi koyarwa a ƙauyukan Anatoliya, mai tsiwa da rawar kai da kurakuranta, kuma littafin na daga cikin waɗanda aka fi karantawa a ƙasar. Matan Turkiyya sun samu 'yancin zaɓe da tsayawa takarar majalisa tun 1934. Don haka uzurin "haka zamanin yake" yana da iyaka.

Inda zan yi wa masu fim ɗin adalci shi ne yanayin kasuwarsu. A tsakiyar shekarun 1970 talabijin ta fara shiga gidaje, ga rikicin siyasa a tituna, gidajen sinima suka fara bushewa. Masana'antar Yeshilcam, wadda ita ce Kannywood ɗinsu, ta faɗa yin fina-finan batsa masu arha don ta riƙe 'yan kallo maza, iyalai kuma suka ƙaurace. A cikin wannan hali Arzu Film ya dage kan fim ɗin da uba da uwa da yara za su zauna su kalla tare. In ka kwatanta Hafize Ana da irin rawar da ake bai wa mata a sinimar da ke maƙwabtaka a wannan shekarar, mutunci ne babba. Amma zaɓin da ya rage wa mace a allo ya zama biyu ke nan, ko jiki ko uwa, kuma Ajin Hababam ya ɗauki na biyun.

A 1977, a fim na huɗu, Ajin Hababam Yana Hutu, aka shigo da 'yan mata huɗu cikin ajin. Ga masu ƙirga kawuna an samu ci gaba. Kuma gaskiya an samu, domin 'yan matan ba su zauna suna kuka ba, an yi musu keta sun rama, aka yi ta gwabzawa. To amma yau, bayan shekara kusan hamsin, wace ce mutane ke tunawa a cikinsu? Ayshen Gruda. Dalili kuwa a fili yake: ita ce aka bari ta zama abin dariya, da muryarta da kallonta da yadda take kai ruwa rana da Shaban Saniya. Ta sauko cikin taɓon da mazan ke birgima, shi ya sa ta zama 'yar aji. Sauran an bar su da kyau da hankali, kyau da hankali kuwa ba sa zama a ƙwaƙwalwar mai kallon barkwanci.

Wannan shi ne kuskuren da nake yawan gani a rubuce-rubucen da muke karanta wa juna a zaman ƙungiya. Namiji zai ce shi mai mutunta mata ne, sai ya ƙirƙiro jarumar da ba ta taɓa yin ƙarya ba, ba ta taɓa jin kwaɗayi ba, ba ta taɓa faɗuwa jarrabawa ba, kullum cikin hijabi mai guga da murmushi. Yana ganin ya karrama ta, alhali ya mayar da ita hoton kalanda. Haka 'yan uwa mata, waɗanda su ne suka fi yawa a rubutun intanet a yau, sau da yawa namijin labarinsu ko dai attajiri ne miskili mai sanyin murya ko kuma azzalumin miji, babu na tsakiya, babu sakaran da za a so duk da sakarcinsa. Ciwo ɗaya ne ya sauya riga. Ku koma ku duba matan Balaraba Ramat Yakubu, za ku tarar suna da baki, suna da fushi, suna da lissafin kansu, shi ya sa ba a manta su.

Sai maganar ƙabila da yanki. Istanbul birni ne da Girkawa da Armeniyawa da Yahudawa suka zauna ɗaruruwan shekaru, duk da cewa farmakin da aka kai wa Girkawa a watan Satumba na 1955 da korar 1964 sun rage su ƙwarai. Ga Kurdawa miliyoyi, ga Larabawa, ga Lazawa na bakin Baƙin Teku. A ajin Hababam na fina-finan farko ba za ka ji ɗuriyar wannan ba, kowa Baturke ne Musulmi mai sunan Turkawa. Abin da zai ba ku mamaki, ita kanta Adile Nashit, uwar ajin, mahaifiyarta Amelya daga Kiristocin Istanbul ta fito. Masana'antar kuma cike take da irinsu: Kenan Pars sunansa na yanka Kirkor Jezvejiyan, Ba'armeniye ne, haka Sami Hazinses da Toto Karaja, duk da sunan aro suka yi suna. Bambancin yana nan tsaye a gaban kyamara, an dai lulluɓe shi.

Idan kuma aka shigo da na waje, ta hanya biyu ake shigo da shi. A fim na uku, Ajin Hababam Yana Farkawa, na 1976, an kawo Ahmet, ɗan ƙauye talaka mai ƙoƙari, wanda suka gasa wa aya a hannu har ya fashe ya gaya musu gaskiya, daga baya ya zama malamin ƙauye suka je suka taimaka wa makarantarsa. Wato talakan da aka kora daga littafin Ilgaz ya dawo, amma a matsayin wa'azi mai tafiya da ƙafa biyu. Ba ya ban dariya, ba ya laifi, aikinsa ya farkar da 'ya'yan masu kuɗi. Hanya ta biyu ita ce ta Bilo Aga, wanda Ilyas Salman ya taka a fim na 1978 da Kartal Tibet ya ba da umarni, mutumin gabashin ƙasar da karin harshensa da ƙauyancinsa su ne abin dariyar. A wancan zamani fina-finai "mutumin gabas" suke cewa, ba a kiran sunan ƙabila, kuma bayan juyin mulkin soja na 1980 har doka aka yi a 1983 da ta haramta wallafa da watsa abu da Kurdanci, ba a soke ta ba sai 1991. Ɗaya waliyyi, ɗaya abin tsokana.

Wani zai ce, to ai kai ka ce wanda aka yi wa dariya shi ne ɗan gida, ga Bilo ana yi masa dariya, me ya rage? A nan al'adarmu ta fi kowane littafin nazari iya bayani. Mu muna da wasan barkwanci tsakanin Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi, Gobirawa da Yarbawa. Abin da ya sa ba ya zama faɗa shi ne kowa na da damar ramawa, kuma gobe ma za a haɗu. Shaban Saniya ana yi masa dariya saboda shi Shaban ne, wautarsa tasa ce shi kaɗai, kuma in ya samu sarari yana ramawa. Wanda ake yi wa dariya saboda yadda mutanen garinsu ke magana, ba shi ake gani ba, garinsu ake gani. Mun san wannan sarai a finafinanmu na barkwanci, inda ake sa Bagwari ko Bafulatanin daji ko ɗan kabilar Ibo mai shago ya shigo ya karya Hausa a yi dariya ya fita, ba shi da uwa ba shi da buri. In za ka sa Ngozi ko Bitrus a ɗakin kwanan labarinka, kuma ya kamata ka sa domin suna nan a makarantunmu, to ka ba su laƙabin da ya fito daga halinsu, ka bar su su ci bashi su ƙi biya, su shirya ketar da za ta kai kowa ofishin shugaban makaranta.

Ba ina cewa a jefar da Ajin Hababam ba ne. Ku neme shi ku kalla, ko da ba ku jin Turkanci za ku fahimci fiye da rabi, kuma akwai darasin gina taurari da yawa a wuri ɗaya wanda ban san fim ɗin da ya fi shi iyawa ba. Kiɗan da Melih Kibar ya yi masa ma abin nazari ne, karin guda ne, in an sa shi da sauri ya zama na shaƙiyanci, in an ja shi a hankali ya sa ka ƙwalla. Ba kuma ina cewa duk labari sai an raba kujeru daidai kamar kwamitin rabon taki ba. Labarin makarantar maza zalla halal ne, na mata zalla ma haka. Amma marubuci shi ke gina katanga, shi ke zaɓar inda za ta tsaya, don haka ba zai fake da ita ya ce ita ta hana shi gani ba. Ko a makarantar maza akwai mai dafa abinci da matar maigadi da uwar jaririyar Ferit, wadda da ƙyar mai kallo zai iya tuna ko ya ga fuskarta, alhali ita ta haifi rikicin da ya fi kowanne girma a fim ɗin.

Ginin da aka ɗauki fina-finan a cikinsa yana unguwar Uskudar, a ɓangaren Asiya na Istanbul, kuma yau har da ɗakin tunawa da Ajin Hababam a ciki. Sunan ginin Adile Sultan, sunan 'yar Sarki Mahmud na Biyu, gimbiya mawaƙiya da ta bar kundin waƙoƙinta. Wata fadar tata kuma, a Kandilli, can gaba kaɗan a bakin ruwan Bosforus, ita ce ta zama shahararriyar makarantar sakandaren 'yan mata mai ɗakunan kwana. A shekarun da ake ɗaukar Shaban Saniya da abokansa suna tsallake katanga don zuwa kallon wasan Fenerbahce, 'yan matan Kandilli na can cike da azuzuwa, da nasu malaman da suka raɗa wa suna da nasu gagararrun, tafiyar 'yan mintuna a mota daga inda aka kafa kyamara.